Haɗa majigi a gida: wane lensi, wane fanel, wace fitila

Na karanta tambayarka ɗan'uwa. Ka ce kana so ka haɗa majigi da hannunka, kana da gilashin ƙara girma irin mai mariƙi, kana da LED mai wat 100, akwai kuma wata tsohuwar laftof mai inci 15.6 da ta mutu amma sikirin ɗinta lafiya lau, daga bango zuwa inda za ka ajiye akwatin kamar mita 3 ne, kana son hoto inci 100, wane lensi za ka saya kuma me da me ya rage maka.

Toh ka dakata da sayen lensi tukuna, don ba shi ake fara zaɓa ba. Fanel ɗin LCD, wato gilashin sikirin da ke nuna hoto, ake fara tsayarwa, shi ne zai gaya maka tsawon fokas ɗin lensin da kake buƙata (wato nisan da lensi yake tattara hoton abu mai nisa a bayansa), lensin kuma ya gaya maka irin firenel ɗin da zai dace (wato shimfiɗaɗɗen lensin roba mai zobe-zobe da ke tattara haske), firenel ya gaya maka girman fitilar da za ta yi maka amfani. Wanda ya fara daga fitila ko daga wani lensi da ya tsinta, yawanci sai ya sayi kaya sau biyu.

Yadda hasken yake tafiya a cikin akwatin shi ne, ya tashi daga fitila yana bazuwa ko'ina, firenel na baya ya tattaro shi ya miƙar da shi sambal, ya ratsa LCD ya ɗauko hoton, firenel na gaba ya tsuke shi ya nufi da shi bakin babban lensi, shi kuma babban lensin ya jefa hoton a bango. In ka lura aiki biyu ne suke tafiya tare kuma kowanne da lissafinsa. Babban lensi aikinsa ya kai hoton LCD bango. Firenel biyun nan kuwa ba ruwansu da hoton fim, su hoton fitilar suke ɗauka su kai shi daidai tsakiyar babban lensi. Duk hasken da bai shiga wannan ramin ba ya tashi a banza, zafi kawai zai zame maka a cikin akwati. Mafi yawan majigin gida da za ka gani tsakiya da haske gefe da duhu, ba ƙarfin fitila ne ya gaza ba, wannan aikin na biyu ne ba a daidaita ba.

Kan fanel, ni dai shawarata ka bar na laftof ɗin nan, ga dalili da lissafi. Daga kusurwa zuwa kusurwa inci 15.6 milimita 396 ne. Don ka samu inci 100 sai an ninka shi sau 6.4. Ƙa'idar lensi mai sauƙi ce, nisan bango daidai yake da tsawon fokas sau (ninki a ƙara 1), kenan in ka raba milimita 3000 da 7.4 za ka samu kusan 405, shi ne tsawon fokas ɗin da kake buƙata. Tsakanin LCD da lensi kuma tsawon fokas ne sau (1 a ƙara 1 bisa ninki), a nan zai ba ka kusan milimita 468. Ka ƙara 220 na bayan firenel zuwa fitila, ka ƙara ƙarfen shan zafi da fanka, kaga akwatin ya doshi santimita 80 ko 90, kuma lensi mai gilashi uku na milimita 400 da zai iya rufe fanel mai wannan faɗin ba ko'ina ake samunsa ba, in an samu ma ƙato ne mai nauyi. A shekarun 2000 haka mutane suka riƙa yi, fanel inci 15 da firenel 220 a baya da 330 a gaba da lensi 320 mai faɗin milimita 80, don a lokacin ƙananan fanel masu kyau babu su, kuma ya yi aiki, amma kusurwoyin hoton kullum da ɗan dishi-dishi da duhu saboda an matsa wa lensin ya rufe abin da ya fi ƙarfinsa.

Yanzu ɗauki fanel inci 7, milimita 178 kenan. Ninki sau 14.3, ka raba 3000 da 15.3 ka samu 196, wato lensi mai milimita 200 ya yi maka daidai, hoton zai cika inci 100 a mita 3 da 'yan santimita 6. Tsakanin LCD da lensi milimita 214. Akwatin gaba ɗaya ba zai wuce rabin mita ba. Kaga bambancin. In ɗakin ya fi haka tsawo sai ka ɗauki 220 ko 240, su sun ma fi ba da kusurwa mai kaifi. Abin da nake riƙewa a kai shi ne kada tsawon fokas ɗin babban lensi ya gaza tsawon fanel daga kusurwa zuwa kusurwa, in ya ɗara shi da kaɗan ya fi.

A inci 7 ka nemi mai fiksel 1280×800, ko in ka matsu 1024×600. Mai 800×480 kada ka ɓata lokacinka, a inci 100 kowane fiksel zai kai kusan milimita 3, za ka riƙa ƙirga su daga kan kujera. Akwai kuma ƙananan nan na inci 5.5 masu 1440×2560 irin Sharp LS055R1SX03 da ake haɗa su da bod, wato allon lantarkin da ke tura wa fanel hoto, mai juya HDMI zuwa MIPI, irin haɗin da fanel ɗin ke karɓa, hotonsu akwai kaifi sosai amma abu biyu za ka sani, na farko yawan fiksel a ƙaramin fili yana nufin layukan baƙi da ke tsakaninsu sun cinye fili da yawa don haka hasken da ke wucewa ya ragu, na biyu a tsaye aka ƙera su kamar na waya, kwamfuta za ta iya juya hoton amma na'urori da yawa ba sa yarda su ba da wannan girman ko kaɗan. Kuma ka yi hattara da waɗanda ake sayarwa don firintar 3D mai aiki da ruwan roba, da yawansu yanzu fari da baƙi ne, babu launi a cikinsu sam.

Ko wane fanel ka zaɓa, ka saye shi tare da bod ɗinsa, ko ka karanta lambar da ke manne a bayansa ka nemi bod ɗin da aka saita wa wannan lambar takamaimai, don haɗin fanel da bod iri-iri ne, akwai LVDS akwai eDP akwai MIPI kuma ba sa shiga wa juna. Sannan kafin ka biya ka duba hoton bayansa da kyau, ina fileks ɗinsa, wato siririyar ledar nan mai wayoyi da ke haɗa gilashin da bod, ya bi. Za ka cire fitilar bayansa ne da duk ledojin nan farare da allon robar da ke raba haske, ya rage gilashin kaɗai, toh in akwai bod da aka naɗe ta bayan gilashin dole ka buɗe ta ta fita daga hanyar haske, fileks ɗin nan kuwa manne yake da gilashi da wani gam na musamman, in ya ɗan yage ko ya ɓamɓare shikenan, layi zai fito a hoton kuma ba ya gyaruwa da kayan gida. Ka samu mai fuska mai sheƙi in da hali. Mai fuskar dishi-dishi da aka yi don hana ƙyalli tana watsa haske, wani kaso ya kauce wa lensi. Ana cire wannan fatar, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a kai na wasu awoyi sannan a ɓare a hankali, amma folaraiza, wato siririyar fatar da ke tace haske hoto ya fito, tana ƙarƙashinta kai tsaye, in ruwan ya daɗe ko ka ja da ƙarfi ita ma ta taho, fanel ba folaraiza kuwa fari fat kawai za ka gani. A karon farko ban ba ka shawarar ka taɓa ta ba.

Sai gilashin ƙara girman da ke hannunka. Zai ba ka hoto, ba na musu, kuma yana da amfani wajen gwaji ka ga yadda abin yake aiki, amma ba zai yi fim ba. Gilashi ɗaya yana lanƙwasa shuɗi fiye da ja, don haka kowane rubutu fari za ka gan shi da bakin shuɗi a gefe ɗaya ja a ɗaya gefen, kuma filin fokas ɗinsa a lanƙwashe yake alhali LCD shimfiɗaɗɗe ne, in ka saita tsakiya gefe ya ɓace, in ka saita gefe tsakiya ta ɓace, babu inda za ka tsaya duka su fito. Hanyar rage wannan ita ce ka rufe gefen gilashin ka bar ƙaramin rami a tsakiya, nan kuma ka yar da hasken da dama bai ishe ka ba. Maganin da aka samo tun 1893 shi ne lensi mai gilashi uku, wanda Dennis Taylor ya tsara wa kamfanin Cooke a birnin York na Ingila, biyu masu tudu a waje ɗaya mai kwarmi a tsakiya da iska a tsakaninsu, kuma har yau shi ne mafi sauƙin tsari da ke gyara launi da lanƙwasar fili a lokaci guda. Shi ake kira tirifilet, shi za ka nema, gilashi na gaske ba roba ba, kuma in ka karkata shi a haske ka ga yana ɗan sheƙin shuɗi ko kore ko shunayya, an yi masa shafen hana ƙyalli kenan, wannan yana da muhimmanci don fuska shida hasken zai ratsa, kowace fuska da ba shafe tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 baya.

Faɗinsa ma ka duba, ba tsawon fokas kaɗai ba. Ga milimita 200 ka nemi mai faɗin gilashi 60 zuwa 70. In za ka tsinto ne daga tsofaffin kaya, kan tsohon majigin aji irin wanda ake ɗora leda a kai yana yi, nasa yakan kai milimita 300 ko sama da haka, wasu gilashi ɗaya ne wasu uku sai ka duba, amma ka tuna da 300 a fanel inci 7 sai ka ja baya mita 4 da rabi kafin ka cika inci 100. Lensin tsohuwar na'urar hotokwafi akwai kaifi don dama shimfiɗaɗɗiyar takarda aka yi shi ya gani, matsalarsa yawanci ƙarami ne. Na majigin silaid mai milimita 85 ko 90 da na kamara ka manta da su, an yi su ne su rufe fim mai milimita 24×36, a fanel ɗinka ɗan da'ira kawai za ka gani a tsakiya. Manyan nan na tsohuwar talabijin mai majigi a ciki suna ruɗar mutane saboda girmansu, amma an yi su ne su zauna dab da fuskar kwalbar CRT, ba za su yi maka ba. In ka tsinci lensi ba rubutu a jikinsa, ka nufi wani abu mai nisa da shi, ka matsa farar takarda a bayansa har hoton ya fito ras, ka auna daga tsakiyar gwangwanin zuwa takardar, abin da ka samu shi ne tsawon fokas kusan-kusan.

Firenel kuma faifan roba ne da aka yi wa zobe-zobe, asalin dabarar ta Augustin Fresnel ce ɗan Faransa da ya yi ta don hasumiyar haska wa jiragen ruwa a shekarun 1820, maimakon ƙaton gilashi mai kauri sai a yanka tudun zobe-zobe a shimfiɗe. Biyu kake buƙata kuma dole kowanne ya ɗara fanel faɗi da tsawo ko da milimita 10 ne a kowane gefe. Ka sayi na akirilik mai kaurin milimita 2 da zobba ƙanana, tazarar 0.2 zuwa 0.3, kada ka sayi na ledar nan mai laushi da ake ɗorawa a kan littafi, ɗan zafi kaɗan ta lanƙwashe. Kuma kada ka kuskura ka bar firenel a inda rana za ta same shi, yana kunna wuta cikin daƙiƙu, ba wasa nake ba.

Firenel na gaba sauƙin zaɓa gare shi, tsawon fokas ɗinsa ya zo daidai da nisan da ke tsakaninsa da tsakiyar tirifilet, a naka lissafin 200 zuwa 220 in yana gaban LCD, ko 230 zuwa 240 in duka biyun suna baya. Na bayan ne ake ciniki. In gajere ne fitila ta matso kusa ya kwashi haske da yawa amma kusurwa ta yi duhu, in dogo ne haske ya daidaita amma jimillarsa ta ragu. Hasken LED da ke faɗa wa shimfiɗaɗɗen abu yana raguwa da sauri yayin da kake nisa daga tsakiya, a fanel inci 7 da firenel 120 kusurwa za ta samu kamar kashi 42 cikin 100 na abin da tsakiya ta samu, da 140 kuma kamar rabi. Ido yana yafe rabi, musamman a fim, ƙasa da haka sai ka fara lura. Ni 140 zan ɗauka.

Wajen ɗaurawa, fuskar da ke da zobe ta kowanne tana kallon ciki ne, wato suna kallon juna, santsin na baya yana kallon fitila santsin na gaba yana kallon tirifilet. In ka juya ɗaya zai yi aiki amma gefe zai mutu ka rasa dalili. Tsakiyar zobban, tsakiyar LED, tsakiyar LCD da tsakiyar lensi duk su hau layi ɗaya, wannan ka ja zare ka auna, kada ka yi da ido. Sannan akwai zaɓi biyu, ko ka sa duka firenel biyun a bayan LCD, ko ka raba su LCD yana tsakiya. In duka suna baya hoton ya fi kaifi don babu robar da ta shiga tsakanin LCD da lensi. In ka raba su kuma za ka iya karkata na gaban kaɗan ka gyara hoton da ya buɗe sama ya tsuke ƙasa lokacin da majigin yake kallon sama, amma kaifi zai ɗan ragu, kuma in na gaban ya matso LCD sosai zobbansa za su fito a bango ko su haɗu da layin fiksel su yi wani zane kamar igiyar ruwa, don haka a bar milimita 10 zuwa 15 a tsakani. Ni na fi son duka a baya, in ɗaga akwatin ya kalli tsakiyar bango kai tsaye a huta.

Yanzu fitila, a nan ne lissafin da na faɗa a farko zai yi maka amfani. Firenel biyun suna kai hoton LED bakin lensi, kuma suna ƙara masa girma gwargwadon fokas na gaba a raba da na baya, 220 bisa 140 ya ba ka kusan 1.6. A ce filin da ke haske a LED ɗinka, wato rawayan nan, milimita 24 ne kowane gefe, kusurwa zuwa kusurwa 34 kenan, sau 1.6 ya zama kusan 54, ya shige lensi mai faɗin 60 da kyar amma ya shige. In ka ce bari in sa mai wat 200 wanda filinsa ya kai 50 a kusurwa, hotonsa zai kusa 80, rabin abin da ka ƙara a jikin gwangwanin lensi zai ƙare, ka ninka zafi da cin wuta amma bango bai ga wani abin kirki ba. Kamar ɗura ruwa ne a kwalba mai ƙaramin baki, girman bokiti ba ya ƙara abin da ke shiga. Don haka LED mai ƙaramin fili da haske mai tsanani ya fi ƙato mai yawan wat. Ka ɗauko ma'auni ka auna naka kafin ka yi odar lensi.

Kwandensa, wato ƙaramin gilashi mai kauri da ake sawa dab da LED, shimfiɗaɗɗen gefensa yana kallon LED, yana tattaro hasken da zai tafi gefe ya turo shi kan firenel, yana ƙara haske sosai kuma yana taimakon kusurwa, sai dai yana sa LED ya bayyana ya fi girmansa, don haka lissafin sama zai ƙaru, kuma da shi LED zai matso kusa da firenel fiye da 140 ɗin. Na gilashi za ka saya, roba ba ta jure wurin. Madubi mai kwarmi a bayan fitila kuwa LED ba ya buƙata tunda gaba kawai yake haskawa, wannan na masu ƙwan metal halaid ne. Shi metal halaid ɗin, mai wat 150 ko 250 ko 400, shi aka yi yayi kafin LED, haskensa fari ne mai kyau amma sai da balas, wato na'urar da ke daidaita masa wuta, da abin tayarwa mai harba dubban bolt, yana fitar da UV da ke cin folaraiza da ido, yana ɗaukar mintuna kafin ya kai, in ka kashe kuma sai ya huce zai sake kamawa. Tunda kana da LED ba ka da abin nema a can.

LED mai wat 100 irin wanda aka saba yana son bolt 30 zuwa 36 da amfiya 3, kuma direba mai tsayar da amfiya ake ba shi, ba adafta mai tsayar da bolt ba, don yana ɗumama yana ƙara jan wuta har ya ƙone kansa. Launin hasken ya kasance 5500K zuwa 6500K, bidiyo a kan fari mai 6500K ake saita shi, in naka mai ruwan ɗorawa ne na 3000K fim zai fito kamar an jiƙa shi. Fiye da rabin wat ɗin nan zafi ne, ka ɗaura shi da ƙusoshi a kan ƙarfen shan zafi na firosesar kwamfuta irin mai bututun tagulla da fanka, da man nan na kai zafi a tsakani siriri, kada ka kunna shi ko na daƙiƙa goma ba a ɗaure ba, kada kuma ka kalle shi kai tsaye. Ni nakan ba shi kamar kashi 80 cikin 100 na amfiyarsa, hasken da za ka rasa kaɗan ne amma zai daɗe.

Kada ka sa ran lambar lumen, wato ma'aunin yawan haske, da aka rubuta a LED ita za ka gani a bango. Folaraiza ta farko tana shanye sama da rabin hasken, matatar launi ta kowane ɗigo tana barin kashi ɗaya cikin uku ne kawai, ga layukan baƙi tsakanin fiksel, ƙarshe abin da ke fita daga LCD mai launi bai cika wuce kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ba, kafin nan ma an yi asara tsakanin LED da firenel, bayan nan kuma a lensi. In ka samu lumen 200 zuwa 300 a bango ka yi aiki mai kyau. Silima ana saita ta ne a kan kandela 48 a murabba'in mita, a farin bango mara sheƙi kamar lukus 150 kenan, wato lumen 150 a kowane murabba'in mita, hoto inci 100 kuwa ya kusa murabba'in mita 3, kaga sai lumen 400 da ɗoriya za ka kai wannan. Da lumen 200 inci 70 ne zai ba ka hasken silima. Inci 100 ɗin zai kallu, amma sai ɗaki ya yi duhu sosai, da labule a rufe, da rana tsaka kuwa ka haƙura.

Duk hasken da LCD ya shanye zafi yake zama a jikinsa, kuma shi ba ya son zafi, yawancinsu iyakar aikinsu digiri 50 ne ko sama kaɗan, ka yi ƙoƙari ya zauna ƙasa da 45. In ya wuce za ka ga baƙin tabo ya fito a tsakiya yana faɗaɗa, in ka kashe da wuri ya dawo, in ka maimaita folaraiza ta ƙone ta yi rawaya har abada. Ka bar tazarar milimita 15 tsakanin firenel da LCD, ka tsara akwatin yadda iska mai sanyi za ta fara bi ta wannan tsagar kafin ta je wajen fitila ta fita, ba akasin haka ba. Fankar kwamfuta mai bolt 12 ta milimita 120 ta fi ƙananan shiru. Ka sa ƙyalle ko soso siriri a mashigar iska, don ƙurar da ta sauka a LCD ita ma sau 14 za a ninka ta a bango. Cikin akwatin daga LCD zuwa lensi ka shafa baƙin fenti mara sheƙi, ka toshe duk wata kafa a gefen fanel, in ba haka ba baƙin fim zai koma toka-toka.

Lensi yana kifar da hoto, kuma in fuskar LCD tana kallon lensi rubutu zai fito a juye kamar a madubi. Ko dai ka juya fanel fuskarsa ta kalli fitila ka kuma kifar da shi, ko ka juya hoton a bod in yana da wannan zaɓin, ko ka sa madubi ɗaya tsakanin LCD da lensi wanda zai kuma rage maka tsawon akwati. In madubi ne sai mai shafe a saman gilashi, na ɗaki shafensa a baya yake, yana ba da hoto biyu ɗaya a kan ɗaya. Ka ɗora bakin biro a kai, in ya taɓa hotonsa ba tazara shi ne wanda ake so.

Kada ka yanka katako sai ka jera komai a kan tebur ya yi aiki. Ka fara babu LCD, da LED da firenel biyu kawai, ka riƙe farar takarda a inda tirifilet zai zauna ka riƙa matsa LED gaba da baya har tabon hasken ya tsuke iya tsukewa a daidai wurin, in ka matso da LED kusa tabon zai yi nisa, in ka ja shi baya tabon ya matso. Sannan ka sa lensi ka kalli farin fili a bango, in kusurwoyi sun yi shuɗi ko ruwan ƙasa nisan fitila ne bai zauna ba, ka ci gaba da matsawa milimita-milimita har su yi fari, sai a ƙarshe ka zura LCD. Lambobin da aka rubuta a firenel da lensi sukan kauce da milimita 5 ko 10, don haka ka yi wa mazaunin LED dogayen ramukan ƙusa da zai iya zamewa, shi kuma tirifilet ka sa shi a bututu biyu ɗaya cikin ɗaya ya samu tafiyar kamar milimita 30, wannan ya isa ya kai ka daga hoto inci 50 har 120 ba tare da ka sake huda akwati ba.